Yadda ake zaɓar babbar amfilifayar da za ta dace da tsohuwar na'urar sauti mai kwalba

Akwai wani abin takaici da yakan sami masu sha'awar kayan sauti na dauri. Mutum zai gaji wata tsohuwar na'ura daga mahaifinsa, ko ya yi sa'ar tsintar ta cikin kayan gwanjon da ake shigowa da su daga Turai da Amurka ta kasuwanni irin su Alaba a Legas. Da yake ya sha jin ana yabon daɗin sautin na'urori masu kwalba, sai ya fitar da kuɗi masu kauri ya sayo babbar amfilifaya ta zamani mai wat 500 ya haɗa su. Yana kunnawa sai ya ji sautin ya fito a rame, ganga ba ta da nauyi, muryar mawaƙi kuma ta tsuke kamar daga cikin gwangwani take fitowa. Na wani ma yakan fi haka muni, domin wata rana sai dai ya ji ƙauri, ya tarar lasifikarsa ta ƙone. Daga nan sai ya yanke hukuncin cewa tsohuwar na'urar ta tashi daga aiki, ya jefa ta ɗakin shirgi ko ya sayar da ita a wulaƙance.

Sau da yawa tsohuwar lafiyarta ƙalau, sabuwar ma ba ta da aibi. Haɗin ne bai dace ba. Mai saye yakan sa ido a kan adadin wat ɗin da aka rubuta da manyan haruffa a jikin kwali, alhali lambar da ke tabbatar da dacewar na'urorin biyu tana can cikin takardar bayani da ƙananan haruffa, kuma ba kasafai mai shago yake ambaton ta ba.

Na'urori biyu, aiki biyu

A yawancin kayan sautin da ake sayarwa yau, komai yana cikin akwati guda. Amma a manyan kayan sauti na shekarun 1950 da 1960 an raba aikin gida biyu. Akwati na farko shi ne ƙaramar amfilifaya. Ita ce ke karɓar raunannen saƙon lantarki daga allurar garmaho ko rediyo ko rikoda, ta ɗaga shi, ta kuma ba mai sauraro damar zaɓar abin da zai ji da ƙara murya ko rage ta. Ba ta da ƙarfin motsa lasifika. Akwati na biyu shi ne babbar amfilifaya, wadda ke karɓar saƙon daga ƙaramar ta mayar da shi ƙarfin da zai girgiza lasifika har ɗaki ya ɗauka.

Kwalbar da ake magana a kai kuwa 'yar ƙaramar kwalba ce ta gilashi da aka zuƙe iskar cikinta, tana da zaren da ke yin ja idan ya ɗauki zafi. John Ambrose Fleming ne ya ƙirƙiro ta farko a Ingila a 1904, sannan Lee de Forest na Amurka ya ƙara mata waya ta uku a 1906, ƙarin da ya ba ta ikon haɓaka saƙo. Ita ce ta riƙe rediyo da kayan sauti har bayan da aka ƙirƙiro taransisto a ɗakunan binciken kamfanin Bell a 1947. Kafin ƙarshen shekarun 1960 taransisto ya mamaye kasuwa. Saboda haka wanda ya haɗa ƙaramar amfilifaya mai kwalba da babba mai taransisto ya haɗa zamani biyu ne da kowannensu yake da nasa tsarin.

Lambar da ta fi wat muhimmanci

Ka ƙaddara ƙaramar amfilifaya tankin ruwa ne a saman bene, da siririn bututu ya sauko daga gare shi. Ruwan yana da matsi sosai, amma bututun ba ya iya wucewa da ruwa mai yawa a lokaci guda. Idan famfon da ke ƙasa ɗan ƙarami ne, ruwa zai fito da ƙarfinsa. Idan kuwa aka buɗe masa ƙaton baki, matsin zai faɗi, ruwan ya koma tsiyaya. Haka kwalba take. Tana iya ba da matsin lantarki mai yawa, wato bolt, amma wutar da take iya turawa kaɗan ce ƙwarai.

Ƙuncin wancan bututu shi ne abin da za mu kira turjiyar fita ta ƙaramar amfilifaya. Ƙuncin famfon kuma shi ne turjiyar shiga ta babbar amfilifaya. Da ma'aunin om ake auna dukansu, kuma a takardar bayani za ka gan su da alamar Ω, ko kΩ idan dubbai ake nufi. Gwargwadon girman turjiyar shiga, gwargwadon ƙarancin wutar da babbar amfilifaya za ta nema daga ƙaramar. Ƙa'idar da injiniyoyin sauti suka saba bi ita ce turjiyar shiga ta ninka turjiyar fita aƙalla sau 10. In ta wuce haka ma ya fi.

A zamanin kwalba ba a damu da wannan lissafi ba, domin manyan amfilifayoyin lokacin suna da turjiyar shiga mai yawan gaske. Dynaco ST-70, wadda kamfanin David Hafler ya fitar a birnin Filadelfiya a 1959 da wat 35 a kowane ɓangare, turjiyar shigarta ta kai kusan om dubu 500. McIntosh MC275 ta 1961 tana da om dubu 250. Quad II ta Ingila, wadda ta fito a 1953 da wat 15 kacal, ta haura om miliyan ɗaya. Masu ƙera ƙananan amfilifayoyin wancan zamani da irin waɗannan lambobi suka yi lissafinsu. Amfilifayoyin zamani kuwa yawancinsu tsakanin om dubu 10 ne zuwa dubu 50, kuma manyan da ake amfani da su a wuraren biki da majami'u da masallatai sun fi karkata ga dubu 10 zuwa dubu 20.

Ga yadda lissafin yake. Ƙaramar amfilifaya mai turjiyar fita om 600 idan ta haɗu da babba mai om dubu 47, abin da za a rasa na saƙon bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Amma mai turjiyar fita om dubu 5 idan ta haɗu da mai om dubu 10, sulusin saƙon ya tafi tun a bakin ƙofa. Ana iya cike wannan giɓi da ƙara murya, sai dai kwalbar tana aiki ne a takure, kuma takurar kan bayyana a matsayin gurɓatar sauti, musamman idan kiɗa ya yi zafi.

Tsofaffin na'urorin ma ba ɗaya suke ba. Wasu, irin su Marantz 7 ta ƙarshen shekarun 1950, suna da wani mataki na ƙarshe da ake kira katod-folowa, wanda aikinsa shi ne sauko da turjiyar fita zuwa 'yan ɗaruruwan om. Irin waɗannan sun fi haƙuri da amfilifayoyin zamani. Wasu kuma, irin su Dynaco PAS mai kwalabe huɗu samfurin 12AX7, ba su da wannan mataki, an yi su ne domin abokiyar tafiya irin ST-70. Su ne suka fi shan wahala idan aka haɗa su da mai ƙaramar turjiya.

Inda kaurin sauti yake ɓacewa

Ramewar sautin da aka ambata a farko tana da takamaiman dalili. A cikin na'ura mai kwalba akwai wuta mai ƙarfin bolt 100 zuwa 300 ko fiye, irin wadda ba ta kai-kawo, wadda masu gyara ke kira DC. Domin kada wannan wuta ta fita waje, akan sa wani kafasito a bakin mafitar na'urar, ya tare ta, ya bar saƙon kiɗa kaɗai ya wuce. Wannan kafasito idan ya haɗu da turjiyar shiga ta babbar amfilifaya sai su zama tamkar rariya mai tace sauti mai kauri. Inda rariyar za ta fara tacewa ya danganta ne ga girman kafasiton da girman turjiyar.

Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga kimanin haz 20, mafi kauri ke nan, zuwa haz dubu 20, mafi siranta. Ka ɗauki kafasito mai girman maikurofarad 0.1, irin wanda ba baƙo ba ne a tsofaffin na'urori. Idan ya haɗu da om dubu 500, tacewar tana farawa ne a wajen haz 3, can ƙasa da inda kunne ke ji, don haka ba a rasa komai ba. Da om dubu 47 iyakar za ta hau zuwa haz 34, asarar ba ta da yawa. Da om dubu 20 ta kai haz 80. Da om dubu 10 kuwa ta kai kusan haz 160. A daidai wannan iyaka rabin ƙarfin sautin ya tafi, kuma duk abin da ke ƙasa da ita sai ƙara dusashewa yake yi. Tsirkiya mafi kauri ta gitar bas tana wajen haz 41 ne, kuma tushen muryar namiji baligi yana tsakanin haz 85 zuwa 180. Ke nan a haɗin ƙarshe nauyin tambari da amon ganga da cikar muryar mawaƙi duk sun shiga rariya. Wanda ya sa faifan Mamman Shata ya ji muryar ta yi fayau, ba laifin faifan ba ne.

Wayar da ta haɗa na'urorin biyu ma tana da nata tasirin, a ɗaya gefen. Kowace mita ta irin wannan waya tana aiki kamar ɗan ƙaramin kafasito, kuma idan turjiyar fita tana da yawa, doguwar waya takan cinye siririn sauti. Na'ura mai turjiyar fita om dubu 30 idan aka sa mata waya mai mita biyar, dusashewa na iya farawa tun daga wajen haz dubu 10. Shi ya sa ake son a ajiye na'urorin kusa da juna, wayar kada ta wuce mita ɗaya ko ɗaya da rabi.

Idan murya ta yi yawa tun ba a murɗa ba

Matsala ta biyu ita ce yawan haɓakawa. Rediyo da rikodar zamanin da ɗan ƙaramin saƙo suke bayarwa, wanda bai kai bolt ɗaya ba, don haka aka gina ƙananan amfilifayoyi su riƙa ninka shi kimanin sau 10. Da faifan CD ya fito a 1982 sai ya zo da saƙo mai kai bolt 2, kuma na'urorin dijital na yau a kan haka suke. Babbar amfilifaya mai wat 100 a kan lasifika mai om 8 tana bukatar fitar da bolt 28, kuma idan tana ninka saƙo sau 20, bolt 1.4 kawai take nema ta kai ƙarshen ƙarfinta. To bolt 2 da aka ninka sau 10 ya zama 20, wato ya ninka abin da ake bukata sau 14.

Sakamakon shi ne da zarar ka taɓa maɓallin murya kaɗan sai ɗaki ya ɗauka. A wannan ƙasan maɓalli ne kuma tsofaffin maɓallai suka fi rashin daidaito, har ɓangare ɗaya ya fi ɗaya ƙara. Ga kuma hucin kwalabe da gurnanin wuta da babbar amfilifaya za ta haɓaka, a riƙa jin su ko ba a sa kiɗa ba. Maganin shi ne zaɓar babbar amfilifayar da ke bukatar bolt 1.5 zuwa 2 kafin ta cika, ko wadda take da nata maɓallin rage saƙo a mashigarta. Akwai kuma 'yan ƙananan maragan saƙo da ake sawa a bakin waya. Gara a sa su tsakanin na'urar CD da ƙaramar amfilifaya, domin idan aka sa su a mafitarta suna iya ƙara sauko da turjiyar da take gani.

Abin da ke ƙona lasifika

Asarar kaurin sauti takaici ce kawai, amma akwai wadda ke taɓa aljihu. Kafasiton da ke tare DC ya shekara 50 ko 60 yana aiki, kuma irin na takarda da aka yi amfani da su a wancan zamani sukan fara yoyo idan sun tsufa, musamman a wuri mai zafi da laima. Babbar amfilifaya mai kwalba tana da taransifoma a mafitarta wadda DC ba ta iya ratsawa zuwa lasifika. Amma wasu amfilifayoyin taransisto duk abin da ya shigo musu haɓaka shi suke yi, har da DC. Bolt ɗaya da ya sulale idan aka ninka shi sau 20 ya zama bolt 20 a kan naɗin wayar lasifika, wanda turjiyarsa take wajen om 6. Zafin fiye da wat 60 ke nan yake taruwa a cikin siririyar waya, ba tare da an ji ƙarar komai ba, har ta ƙone.

Saboda haka kafin a haɗa tsohuwar na'ura da komai, a kai ta wurin ƙwararren mai gyara ya auna mafitarta da mita bayan ta ɗauki zafi. Abin da ya kamata ya gani bai wuce 'yan milibolt ba. Idan kafasitocin na asali ne, sauya su ya fi araha nesa ba kusa ba a kan sayen sabuwar lasifika. Kada wanda bai san aikin ba ya buɗe na'urar da kansa, domin manyan kafasitocin cikinta suna riƙe wutar da za ta iya kisa ko bayan an zare ta daga soket.

Ko da kafasiton lafiyayye ne, na'ura mai kwalba takan fitar da wani bugu mai ƙarfi lokacin da take ɗumama da lokacin da aka kashe ta, kuma yawancin tsofaffin ba su da abin da zai toshe shi. Don haka akwai jerin da ake bi. Wajen kunnawa a fara da na'urar faifai, sai ƙaramar amfilifaya, a jira daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya, sannan a kunna babbar. Wajen kashewa babbar ce ta farko.

Halin wutarmu

A Najeriya wannan jeri yana da wani ƙalubale da masu ƙera na'urorin ba su yi tunaninsa ba. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar sauraro, komai yana kunne, kuma idan aka dawo da ita ko aka tayar da janareta, duka na'urorin za su tashi lokaci guda, bugun ya wuce kai-tsaye cikin lasifika. Ya zama al'ada a gidan cewa da zarar wuta ta tafi a kashe babbar amfilifaya. Ana kuma iya sa mata na'urar jinkirta wuta irin wadda ake sa wa firji, matuƙar tana iya ɗaukar nauyinta, ta yadda za ta tashi bayan ƙaramar ta gama ɗumama. Amfilifayar da take da makarin lasifika a cikinta, wanda ake jin ɗan ƙas ɗinsa 'yan daƙiƙoƙi bayan kunnawa, ta fi dacewa da yanayinmu.

Sai batun ƙarfin wutar. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, mai kai-kawo sau 50 a daƙiƙa. Ta Amurka bolt 120 ce, sau 60 a daƙiƙa, kuma a jikin tsofaffin na'urorinsu akan ga 117. Ta Japan bolt 100 ce. Na'urar Amurka da aka soka kai-tsaye a soket ɗinmu ta gama yawo nan take. Dole ne a sama mata taransifomar rage wuta. Ko da ita ɗin, a sani cewa bolt kaɗai take ragewa, ba ta canja yawan kai-kawon ba, kuma taransifomar da aka naɗa domin 60 takan fi yin zafi a kan 50. A bar wa na'urar sarari ta sha iska, kada a ɗora ta a kan babbar amfilifaya, kada a kulle ta cikin kabad. Sitabilaiza ma tana da amfani, domin wutar da ta haura ƙa'ida tana rage wa kwalabe kwana. Idan aka ji gurnani bayan haɗawa, a fara da sa na'urorin biyu a soket guda, amma kada a cire ƙafar da ke kai wuta ƙasa don neman shiru, domin ita ce kariyar mai taɓa na'urar.

Akwai kuma tarkon da ya kamata mai saye ya sani. Wasu ƙananan amfilifayoyin Ingila, irin su Quad 22 da da yawa daga na kamfanin Leak, ba su da taransifomar kansu. Daga babbar amfilifayar gidansu suke jawo wuta ta wata waya ta musamman. Wanda ya sayi irin wannan ita kaɗai ba zai iya ko kunna ta ba, sai ya samo abokiyarta ko an gina mata tushen wuta na daban.

Abin da za ka tafi da shi kasuwa

Ga na'urar da take da katod-folowa, babbar amfilifaya mai turjiyar shiga om dubu 47 zuwa sama za ta wadatar a mafi yawan lokuta. Ga wadda ba ta da shi, a nemi dubu 100 zuwa sama, ko babbar amfilifaya mai kwalba irin ta zamaninta. Wanda ya zaɓi mai kwalba ya kiyaye abu biyu: kada ya taɓa kunna ta ba tare da lasifika a haɗe ba, domin taransifomar mafitarta na iya lalacewa, kuma ya haɗa lasifikar a mafitar da ta dace da ita, ta om 4 ko 8 ko 16. Kwalaben da suka mutu ba abin fargaba ba ne, domin har yau ana ƙera 12AX7, wadda a Turai ake kira ECC83, a Rasha da Silobakiya da Sin.

Wanda ya riga ya sayi mai ƙaramar turjiya yana da mafita biyu. Mai gyara na iya ƙara girman kafasiton mafita. Daga maikurofarad 0.1 zuwa 1, iyakar haz 160 ɗin nan za ta sauko zuwa 16. Sai dai wannan kaurin sauti kaɗai yake dawowa da shi, bai ƙara wa kwalba ƙarfi ba, kuma yawan sauye-sauye yana rage darajar na'urar a wurin masu tara kayan tarihi. Mafita ta biyu ita ce a sa wata 'yar na'urar tsakani mai babbar turjiyar shiga da ƙaramar turjiyar fita, ta ɗauke wa kwalbar nauyin ba tare da an taɓa cikinta ba.

Sai bayan an gama da waɗannan ne ake zuwa batun wat, kuma lasifika da girman ɗaki ne ke yanke shi. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, ƙarin da kunne ke ji kaɗan. Sai an ninka kusan sau 10 kafin mutum ya ji kamar ƙarar ta ninka biyu. Lasifikar da ke ba da desibel 90 daga wat ɗaya a tazarar mita ɗaya, wat 30 zuwa 60 sun ishe ta cika falo. Kuɗin da za a zuba a wat 500 gara a raba shi tsakanin mai gyara da taransifomar rage wuta mai kyau da amfilifayar da ta dace.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Na'urar da ta shekara 60 tana iya ƙara wasu shekarun masu yawa tana aiki, in dai an ba ta abokiyar da aka auna. Kafin ka biya kuɗi, ka nemi mai shago ya nuna maka takardar bayani, ka duba turjiyar shiga, ka duba bolt ɗin da amfilifayar ke bukata kafin ta cika, ka tambaya ko tana da makarin lasifika. In da hali ka ɗauki tsohuwar na'urarka da faifan da kunnenka ya saba da shi, a haɗa su a gabanka, ka saurari ganga.